Yadda Za Ka Kare Rumfarka Daga Iskar Farkon Damina

Jama'a, bazara ta yi nisa, damina ta kusa. A nan ƙasar Kabi ruwa yakan fara sauka a watan Mayu ko Yuni. Amma kowa ya sani, kafin ruwa ya zauna sai an sha iska. Ita ce ke yaye kwanon ɗaki, ta kwashe rumfar mai tireda, ta yaga tamfol ɗin da manomi ya rufe shinkafarsa. A wannan wata za mu yi bayani a kan yadda mutum zai kare rumfarsa da kayan sana'arsa daga wannan iska.

Daga ina iskar take zuwa?

Hadarin farkon damina yawanci daga gabas yake tasowa, ya nufi yamma. Idan gajimare ya haɗu ya yi baƙi, iska mai sanyi takan faɗo daga cikinsa da ƙarfi, ta bugi ƙasa, ta yi gaba da gudu. Shi ya sa za ka ga jar ƙura ta riga ruwa isowa. Wannan iskar farko ita ce mai ɓarna. Ba ta daɗewa, amma cikin 'yan mintoci ta gama aikinta.

Tsakanin Argungu da Birnin Kebbi fadama ce shimfiɗe, wadda Gulbin Rima ya ratsa. Babu dutse, itatuwa kuma ba su da yawa. Saboda haka iska ba ta samun abin da zai tare ta. Ga shi kuma lokacin ne ake girbin shinkafar rani, buhuna da shanya duk suna fili. Tun shekarar 2015, da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi, noman shinkafa ya ƙaru a Jihar Kebbi. Dukiyar da ke kwana ƙarƙashin tamfol ita ma ta ƙaru.

Ƙarfin iska nawa ne?

Masana sun auna. Idan gudun iska ya ninka sau 2, ƙarfin turinta yakan ninka sau 4. Ga misali. A ce kana da tamfol mai faɗin ƙafa 10 da tsawon ƙafa 12. Idan iska mai gudun kilomita 60 a awa ta buge shi gaba da gaba, kamar an jingina masa kusan buhun taki 4 ne. Idan gudun ya kai kilomita 120, nauyin ya kusa buhu 16. To, wace igiya ce za ta riƙe wannan?

Wani abu kuma, iska ɗaga rumfa take yi sama. Idan ta shiga ƙarƙashi ta rasa mafita, sai rufin ya kumbura, ya tumɓuke dirkokin. Hausawa sun ce iska na wahalar da mai kayan kara. Duk abin da ke da faɗi kuma ba shi da nauyi, shi iska ke fara ɗauka.

Dubi bukkar Fulani a ruga. Gajeriya ce, kanta a dunƙule, iska na bin samanta ta wuce. Buzaye ma tantinsu ƙasa-ƙasa suke kafa shi. Darasin shi ne, doguwar rumfa mai buɗaɗɗen baki ta fi saurin tafiya.

Shirin da za a yi tun sama na garau

1. Duba wuri. Kada bakin rumfa ya kalli gabas. A juya mata baya ko gefe, a kuma sa gefen gabas ya fi gajarta. Idan da katanga mai ƙwari ko darni, a raɓa da shi ta yamma.

2. Duba dirka. A haƙa rami ya kai kamu guda ko fiye, a sa dirka, a daddaɓe da tsakuwa. Duk dirkar da gara ta ci, a sauya ta yanzu.

3. Duba turke. Kada a kafa turke a miƙe. A karkatar da kansa nesa da rumfa, yadda in igiya ta ja zai ƙara nitsewa. A ƙasa mai rairayi turke ba ya riƙo. Sai a ɗaura igiya a tsakiyar guntun icce, a binne shi kwance cikin rami. A fadama kuma a tuna, laka takan saki da zarar ta sha ruwa. Buhun da aka cika da yashi ya fi amfani a wurin.

4. Duba igiya. Igiyar roba da ta sha rana takan tsinke ba labari. A murza ta da hannu. In tana zubar da gari, ta mutu. Kowace kusurwa a sa mata igiya 2. Wanda ya samu tsohon tib na taya ya yanka, ya haɗa tsakanin igiya da turke. Robar na miƙewa, sai ta rage fizgar iska.

5. Kada a huda tamfol da ƙusa ko wuƙa, don daga hudar yake fara yagewa. A sa ɗan dutse mai santsi a kusurwa, a naɗe shi da tamfol ɗin, a ɗaure wuyansa da igiya. Wannan ɗauri ya fi huda ƙarko.

6. A karkata rufi don ruwa ya gangara. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. Ruwa cikin jarka mai lita 25 idan ya taru a tsakiyar tamfol, ya isa ya karya sanda.

7. Mai rumfar kwano ya bi ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, musamman na bakin rufi. Ya kuma ɗaure katakon rufi da dirka da waya mai kauri. Ɗora duwatsu ko bulo a kan kwano ba dabara ba ce. In iska ta yaye kwanon, dutsen a kan mutane zai sauka.

Masu amalanke da shago mai taya

Akwai masu sana'a a kan amalanke ko kura, da masu ɗan shago mai taya wanda aka yi wa rumfa a gaba. Su ma su kula. A juya abin ya ba iska ƙaramin gefensa, kada ya ba ta tsawonsa. A sa dutse gaba da bayan kowace taya. Kaya masu nauyi a ajiye su ƙasa, marasa nauyi a sama. Laima kuwa a rufe ta a kwantar. Direban da ya rufe lodi da tamfol ya ɗaure shi tamau, kada ya bar wani gefe yana kaɗawa.

Idan hadari ya taso

Wannan shi ne babban saƙonmu: sauke rumfa ya fi ɗaure ta. Duk ɗaurin da muka lissafa na iskar yau da kullum ne. Idan ka ga gabas ta yi baƙi, ko jar ƙura ta tokare sama, ko ka ji iska ta ɗauke cak sannan sanyi ya taso, to kwance tamfol ka naɗe. Aikin minti 5 ne ga mutum 2. Kada ka ce bari in sallami mai ciniki guda tukuna. Tamfol ɗin da aka naɗe gobe za a sake kafa shi. Wanda iska ta yaga kuwa sai an sayi sabo.

Haka ma rumfunan haya da ake kafawa a wurin ɗaurin aure, suna ko wa'azi. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali tun 1934, ana kafa rumfuna masu yawa a bakin Matan Fada. Amma da rani ake yin bikin, kafin lokacin hadari. Mai taro a watan Mayu ko Yuni ba shi da wannan sauƙi. Ya sa samari su tsaya da shirin sauke rumfa, kuma kada a bar ta tsaye cikin dare.

Tamfol ɗin da aka rufe buhunan shinkafa shi ba a sauke shi. A ɗora buhunan a kan itace don kada ruwa ya bi ta ƙasa. A ja tamfol ya sauka har ƙasa ta kowane gefe, a danne bakinsa da ƙasa ko buhunan yashi, a kuma gitta igiya ta sama. Muddin iska ba ta samu ƙofar shiga ba, ba za ta ɗaga shi ba.

Rai ya fi dukiya

Idan iska ta riga ka, bar mata rumfar. Kada ka rungumi dirka, kada ka naɗa igiya a hannu, kada kuma ka sa yaro ya riƙe. Kwanon da iska ta ɗauko kamar adda yake. Mai shayi da mai tsire da mai tuyar ƙosai su kashe wuta tun da wuri, don garwashi kaɗan ya isa ya cinye kasuwa.

A shiga ɗaki mai ƙwari. A nisanci wayar lantarki, ko da ta faɗi ƙasa. Kada a fake a gindin itace guda a fili, saboda tsawa da karyewar reshe. Idan ka ga walƙiya, fara ƙirga. Kowane daƙiƙa 3 kafin ka ji ƙara, nisan kilomita 1 ke nan. In ba ka kai 30 ba ƙarar ta iso, tsawa na kusa. Masunta da masu fito su fita daga ruwa.

Bayan iska ta lafa, a duba ɗauri da dirkoki, a shanya tamfol ya bushe kafin a ajiye. Wanda ya yi asara ya sanar da mai unguwa ko dagaci, don a kai rahoto ga ƙaramar hukuma da hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha.

A riƙa sauraron rediyo. Hukumar NiMet mai kula da yanayi tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, tana kuma gargaɗi idan ana sa ran iska mai ƙarfi. A kuma shuka itatuwa a jere ta gabas da gari, domin su ne garkuwar 'ya'yanmu.

Mai karatu, ka karanta wa maƙwabcinka wannan shafi. Malaman ajin yaƙi da jahilci su tattauna shi da ɗalibansu. Tsarewa ta Allah ce, amma an umarce mu da mu yi namu ƙoƙari. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga sharrin iska. Amin.