Mai farautar rezo

A Damagaram, in intanet ya ɗauke, "rezo babu" ake cewa. Da kalmar nan ake yi wa mai gyaran ordinatar sallama: mai siber ne, ko sakataren makaranta, ko mai buga wa ɗaliban Jami'ar André Salifou takardu. Wayar kowa na kamawa, ita kuwa babbar na'urar kan tebur ta ƙi.

Akasarin na'urorin nan kwance ne, tsofaffin Dell da HP da suka gama aiki a ofisoshin Turai. Irinsu da kebul aka san su, ba su da abin kama wifi a ciki. Don haka jarin mai gyara na farko shi ne kile, ɗan abin nan mai kamar yatsa da ake cusawa a kafar USB. Da yawan kayan daga Kano suke shigowa, ta Magarya ko Matamaye, don haka rawar naira da sefa, da rufe iyaka, duk a aljihunsa suke ƙarewa.

Gwani ba ya fara kwance na'ura. Wayarsa yake fiddawa tukun, ya ga ko akwatin wifi na ba da rezo, ko kuwa kuɗin Airtel, Moov ko Zamani ne suka ƙare ba a sani ba. Sannan ya leƙa bayan na'urar. Sau da yawa kilen na can a maƙale tsakanin ƙarfen akwati da bango, kuma katangar ƙasa irin ta gidajen Birni ba ta wasa da sigina. Doguwar waya ɗaya da za ta ɗago kilen sama ta wadatar. In ba nan ba ne, sai pilot, manhajar da ke sa na'ura ta gane kilen. Nan abin dariya yake: pilot a intanet ake sauke shi, intanet ɗin kuma shi ake nema. Sai ya jona wayarsa da kebul ya aro mata rezo. Wani tsohon kilen kuma zangon 2.4 kaɗai yake gani, akwatin zamani na watsawa a kan 5, suna ɗaki ɗaya ba su san da juna ba.

Wanda ya fi burge ni shi ne ciwon agogo. Alamar wifi ta cika, amma kowane shafi ya ƙi buɗewa. Mai gyara ya dubi kusurwar allo, ya ga kwanan wata ya koma shekarun baya. Ya buɗe murfi, ya hure ƙurar hunturu, ya ciro wani ɗan batir mai kamar kwabo, CR2032, ya sa sabo, ya daidaita lokaci. Shi ke nan.

A nan ciniki ke tsami. Batirin bai kai jika ba, aikin bai ɗau minti goma ba.

"Haba Malam, wannan ɗan abin?"

"Alhaji, kwana nawa ka yi kana kallonsa ba ka gan shi ba?"

Mutanenmu sun saba biyan kuɗin abin da aka sauya, kuɗin ido kuwa sai an kai ruwa rana. Shi ya sa ribar kile da kebul ke riƙe shago, tare da ofisoshin da ke kiransa a kai a kai.

Ga kuma wuta. Lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki a watan Agustan 2023, mai sana'ar da ba shi da sola ko janareto zaman jira ya koma. A bazara zafi kan haura digiri 40, akwatin wifi ya yi zafi ya riƙa yankewa da tsakar rana, a ɗora laifin a kan gyaran jiya.

Tun da Starlink ya shigo ƙasar a 2025, aikin ya hau rufi. Yaron shago da ya fara da hure ƙura, yau shi ke riƙe tsani, maigida na sama yana nema wa faranti sararin da bishiyar dogon yaro ba ta tare ba.