Haihuwar Fari: Me Ya Sa Doguwar Naƙuda Take da Haɗari?

A ƙasar Yauri, kamar sauran ƙasar Hausa, akan yaba wa mai cikin fari idan ta daure naƙuda ba ta yi raki ba. To amma ilmin halitta ya nuna cewa naƙuda aiki ne mai ƙayyadadden lokaci, kuma kunya kan sa lokacin ya ƙure ba wanda ya sani.

Naƙuda mataki uku ce. Da farko sinadarin oksitosin yakan sa mahaifa ta riƙa matsewa har bakinta ya buɗe santimita 10. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2018 cewa, a haihuwar fari, daga buɗewar santimita 5 zuwa 10 ba ya cika wuce awa 12. Sai mataki na biyu, wato yunƙuri da fitowar jariri, wanda yawanci ba ya haura awa 3. Na uku shi ne faɗowar mabiyiya.

Idan ƙugun uwa ya yi wa kan jariri kaɗan, musamman ga yarinyar da ba ta gama girma ba, sai kan ya danne mafitsara a jikin ƙashi. Jini ya daina isa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya ɓule. Wannan shi ne asalin yoyon fitsari, wanda ake yi wa aiki a cibiyar Gesse da ke Birnin Kebbi. Yankan gishiri ba ya faɗaɗa ƙashi, sai dai ya ƙara rauni. Tiyata a kan lokaci ita ce mafita.

A yankinmu kuwa akwai matsalar tazara. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ƙauyuka da dama na Ngaski da Yauri suna bakin tafki ko cikin tsibirai, wasu na Shanga kuma a gaɓar Kwara. Neman kwalekwale da tsakar dare domin zuwa asibitin Yelwa ko Wara kan cinye awoyin da ake bukata.

Saboda haka, mai cikin fari ta riƙa zuwa awo, sau 8 kamar yadda Hukumar ta shawarta a 2016. Idan ta shiga watanta, goyon cikinta ya kasance kusa da asibiti. Zubar jini, jijjiga, ko fashewar faya ba tare da naƙuda ba, duk ba sa jiran wayewar gari.

Ɗalibai, ku kai wannan bayani gida ga iyaye da yayye. Da sanyin safiya ake kama fara.