Bututun iska na faiba: Yadda masu sha'awar motoci ke ƙera shi a gida, da abin da zai iya jawowa

Kafin injin mota ya ƙona lita ɗaya ta fetur, sai ya zuƙi iska kimanin lita 9,000. Duk wannan iska ta hanya guda take bi, wato wani baƙin bututun roba da ke ƙarƙashin bonet, wanda galibin direbobi ba sa waiwayarsa sai ranar da bakanike ya ce matatar iska ta toshe.

A Amurka da Birtaniya da Ostireliya kuwa, akwai masu sha'awar motoci da ba sa ƙyale wannan bututu yadda kamfani ya yi shi. Wasu sukan sayi na musamman daga kamfanoni irin su K&N na jihar California. Wasu kuma sukan ƙera nasu a garejin gida da zaren gilashi, abin da kanikawa ke kira faiba. Dabarar tana da amfani har ga kanikawan Kano ko Yamai ko Suame Magazine da ke Kumasi, inda sau da yawa akan ɗora wa mota injin da ba nata ba, sai a tarar bututun asali ya ƙi zama.

Me ake nema da iska mai sanyi?

Injin fetur yana buƙatar kilo 14.7 na iska ga kowane kilo ɗaya na mai. Abin da yake so a cikin iskar shi ne oksijin, kuma iska tana buɗewa ta yi sakayau idan ta ɗauki zafi. Duk ƙarin digiri 10 a ma'aunin salshiyos yana rage nauyinta da kusan kashi 3 cikin ɗari. Ke nan injin da ke shaƙar iskar da ta gasu kusa da lagireto da salansa yana samun oksijin ƙasa da wanda ke shaƙa daga waje.

A nan ne ake yawan zuzuta batun. Galibin motocin zamani tun daga masana'anta suna ɗauko iska ne daga gaban mota, don haka ƙarfin da sabon bututu zai ƙara musu kaɗan ne, shi ma sai an taka mota sosai ake ganinsa. Abin da ke sauyawa nan take shi ne ƙara. Bututun kamfani yana da wasu 'yan akwatuna a jikinsa da aka yi don su shanye gurnanin iska. Da an cire su inji zai fara ruri, kunne kuma ya gaya wa direba cewa mota ta ƙara gudu ko da agogo bai shaida ba.

Me ya sa faiba?

Zaren gilashi ya fara yaɗuwa a Amurka a shekarun 1930, kuma a 1938 aka kafa kamfanin Owens-Corning da ya shahara da shi. A 1953 Chevrolet ya fitar da Corvette ta farko, guda 300, da gangar jiki ta faiba. Abin da ya ja hankalin masu aikin gida shi ne ba ya buƙatar walda ko injin lanƙwasa ƙarfe, yana ɗaukar kowace irin siffa, kuma ba ya saurin kai zafin inji ga iskar da ke cikinsa kamar yadda bututun alminiyam ke yi.

Yadda ake ƙera shi

Hanyar da aka fi bi ita ce a fara sassaƙa cikin bututun, sannan a gina jikinsa a kai. Ana samun farin soso mai tauri, irin wanda ake tallafe talabijin da shi a cikin kwali, a yanka da wuƙa, a goge da samfefa, ana yi ana gwadawa a cikin mota har ya bi inda ake so ba tare da ya taɓa fanka ko bel ba. Wannan mataki shi ne ke cin lokaci, kuma shi ne ke yanke hukuncin aikin. Iska ba ta son kwana mai kaifi, ba ta kuma son faɗi ya sauya bagatatan. Gwiwar da ta lanƙwasa a hankali ta fi ƙaton bututu mai karyewa biyu amfani.

Daga nan sai a naɗe soson tas da salatif mai faɗi, a shafa masa kaki. Wannan ba ado ba ne. Ruwan danƙon da aka fi samu a kasuwa, rezin na foliyesta, yana narkar da farin soso cikin 'yan mintuna, duk inda salatif ya bar ƙofa siffar za ta lotsa a nan. Rezin na ifoksi ba ya cin soso kuma ya fi ƙarfi, sai dai ya fi tsada.

Ana yanka ƙyallen zaren gilashi tsiri-tsiri tun kafin a dama komai, domin da an zuba maganin daskarewa lokaci ya fara gudu. A foliyesta ana sa maganin MEKP kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, wato mililita 10 zuwa 20 a kowane kilo. Inda zafi yake da sauƙi mutum yana da kimanin minti 15 zuwa 20 kafin danƙon ya fara kamawa. A zafin bazara na Makka ko Khartum ko Njamena lokacin bai kai haka ba, shi ya sa ake dama kaɗan-kaɗan, a inuwa, da sassafe. Idan aka dama da yawa a gwangwani ɗaya, yakan ɗauki zafi da kansa har ya yi hayaƙi. Shi kuwa ifoksi ma'auninsa ba ya karɓar ƙari ko ragi, sai yadda kamfani ya rubuta.

Ana shafa danƙon da buroshi, a ɗora ƙyalle, a riƙa dannawa har ya jiƙe ya koma garai-garai. Duk inda ya rage fari, iska ce ta maƙale, kuma nan ne zai fara tsagewa. Hawa uku ko huɗu sun isa, a ƙara kauri a bakunan da za a ɗaure. Yawan danƙo ba ya ƙara ƙarfi, zaren ne ke ɗaukar nauyi. Bayan ya kwana ya bushe, sai a zuba asiton a ciki, soson ya narke, a zaro salatif kamar ana cire safa.

Sauran aiki shi ne wanda masu gaggawa kan tsallake: a goge cikin bututun, a shafe shi da danƙo siriri, a wanke, a busar. Duk ɓarɓashin da ya rage tsakanin matata da inji, cikin inji za shi.

Aikin yana taɓa lafiya. Ɗigon MEKP a ido na iya makantar da mutum. Sinadarin sitirin mai warin nan da ke tashi daga foliyesta, hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi a 2018 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa cutar. Ƙurar guga kuma tana sa ƙaiƙayi da tari. Tabarau da safar hannu da takunkumi mai tace sinadari da wuri mai iska ba abin rowa ba ne.

Inda inji ke mutuwa

Motoci da yawa suna da na'urar auna iska a jikin bututu, wadda ke gaya wa kwamfutar mota yawan man da za ta ba inji. An daidaita ta ne da faɗin bututun asali. Idan aka dasa ta a wanda ya fi faɗi, iska za ta wuce ta a hankali, ta ba da rahoton ƙasa da gaskiya, mai ya yi kaɗan, inji ya riƙa shiɗewa, fitilar gargaɗi ta kama. Maganin shi ne a bar na'urar a gidanta na asali, a haɗa faiba daga gabansa. Haɗin kuma ya zama da roba mai laushi, saboda inji yana girgiza, gangar mota ba ta yi. Kada a manta da ƙaramin bututun numfashin inji da ke shiga jikinsa.

Rezin na gama-gari yana fara laushi tun zafi bai kai na tafasar ruwa ba. Bai dace a kai shi kusa da bakin salansa ba, bai kuma dace da ɓangaren da ke bayan turbo ba, inda iska ke da zafi da matsi.

Mafi muni shi ne ruwa. Neman iska mai sanyi yakan sa a sauke bakin bututu ƙasa, bayan bamba. A injin lita 2 mai silinda huɗu, gurbin da ke raguwa idan fistin ya kai ƙololuwa kimanin mililita 55 ne, kwatankwacin ƙaramin kofin shayin Buzaye. Ruwa ba ya matsuwa. Idan wanda ya fi haka ya shiga, fistin zai doke shi kamar ya doki dutse, sandarsa ta lanƙwashe ko ta fasa jikin inji. Kududdufi ɗaya a damina ya isa. Dalilin ke nan motocin Land Cruiser da Hilux masu ratsa daji da hamada ke ɗaga nasu bakin bututun har saman gilashi, inda ruwa ba ya kaiwa kuma ƙura ba ta kai ta ƙasa yawa ba.

Doka da inshora

Mazauna ƙasashen waje suna da wani lissafin. A California, kayan da aka sauya a hanyar iskar inji galibi sai suna da lambar amincewar hukumar kula da tsaftar iska ta jihar, CARB, kafin mota ta ci gwajin hayaƙi, kuma na gida ba shi da ita. Motocin fetur ƙirar 1975 zuwa baya ba sa cikin wannan gwaji. A Birtaniya wajibi ne a sanar da kamfanin inshora duk wani sauyi, in ba haka ba yana iya ƙin biyan diyya bayan haɗari. A Jamus sauyin da bai samu amincewa ba na iya soke izinin hawan motar a titi.

A ƙasashen hunturu kuwa, mai binciken shi ne ƙura. Matatar takarda ta kamfani ta fi buɗaɗɗun matatun auduga da yawa kama ƙura mai laushi, don haka ya fi a gina sabon bututun ya shiga akwatin matata na asali. Akwai gwaji mai sauƙi: a dangwala giris kaɗan a cikin bututu bayan matata, a yi mako guda ana hawa, sannan a kwance a shafa da yatsa. Idan aka ji yashi, akwai inda ke yoyo, kuma sai an gano shi kafin a sake tayar da inji.