Hoton MRI: Me ya sa ake ta cewa "kar ka motsa"?

A Ayigya Zango, in likita ya tura mutum hoton MRI a asibitin Komfo Anokye, wanda mutanen Kumasi ke kira "Gee", maganar kuɗi ake fara yi. Ni kuwa tambayata daban ce: zai iya kwanciya shiru na minti 20 zuwa 40 a cikin wannan rami mai ƙara?

Na'urar ba ta ɗaukar hoto lokaci guda irin na waya. Layi-layi take tattara bayanai, daga baya kwamfuta ta haɗa su. In kai ya gusa ko da milimita biyu tsakanin layi da layi, sai hoton ya fito dishi-dishi, da inuwoyi a jere. Inuwar nan tana iya rufe ƙaramin ƙari, tana kuma iya kama da ciwo inda babu. Sai a maimaita, masu jira a waje su ƙara jira.

Masana sun daɗe suna fama da wannan. A 1989 Richard Ehman da Joel Felmlee na asibitin Mayo a Amurka suka fito da dabarar aika ɗan gajeren sigina da ke auna inda gaɓa take, a gyara bayanan da shi. A 1999 James Pipe ya kawo PROPELLER: ana ɗibar bayanai a faifai-faifai masu juyawa kamar fukafukan fanka, kowanne ya ratsa tsakiya. Da wannan tsakiyar ake gane nawa mutum ya juya, a daidaita, wanda ya lalace sosai a rage masa nauyi. Wannan ta fi burge ni, don ba ta buƙatar ƙarin kaya. Wasu wuraren kuma kyamara ce ke bin alamar da aka manna a goshi, na'urar tana bin kan yayin da take aiki.

Amma fa dabarun nan ba sa gyara komai. Tari mai ƙarfi sai a sake. Ƙananan yara akan ba su maganin barci, mai hoton ciki kuma a ce ya riƙe numfashi na 'yan daƙiƙu.

Dattawanmu da yawa da sun ji ƙarar sai su kama zikiri, leɓe da haɓa na motsi. A hoton kai da wuya wannan ma motsi ne. A yi shi a zuci. Wanda kuma ba ya jin Turanci ko Twi sosai, ya tafi da mai fassara masa umarnin kafin a shigar da shi.