Takardar Tura Majinyaci Ba Kora Ba Ce

Duk sanda aka yi rashi a kan hanyar asibiti, maganar da take fara yawo a zaman makoki da shirye-shiryen rediyo na kiran waya ita ce: "Ai ƙin karɓarta suka yi, suka ce a wuce gaba." Kafin a share makoki kowa ya ɗauki darasinsa, wato in ciwo ya taso kada ka ɓata lokaci a asibitin unguwa, ka sa mara lafiyarka a adaidaita-sahu ka miƙe Murtala ko Asibitin Malam. Masu ba da wannan shawara da zuciya ɗaya suke bayarwa. Sai dai ita ce take cika manyan asibitocin Kano har gado ya gagara, kuma a wasu larurorin ita ce take cinye ɗan lokacin da za a iya ceto rai a cikinsa.

Asibitocin gwamnati a jihar nan hawa uku aka tsara su. A ƙasa akwai ƙananan asibitocin matakin farko, waɗanda ake son kowace mazaɓa daga cikin mazaɓu 484 na ƙananan hukumomi 44 ta samu aƙalla guda mai aiki. Nan ne wurin awo, rigakafi, haihuwar da ba ta zo da tangarɗa ba, zazzaɓin cizon sauro da gudawar yara. A tsakiya akwai manyan asibitocin garuruwa irin na Bichi, Wudil, Rano, Gwarzo da Ɗambatta, inda ya kamata a samu likita da ɗakin tiyata da ƙarin jini, sai kuma na cikin birni da jiha take riƙe da su: Murtala, Nassarawa, Hasiya Bayero na yara, da Asibitin Zana na cututtuka masu yaɗuwa. A sama akwai na tarayya, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da aka kafa a 1988, da Asibitin Ƙashi na Dala wanda ya girme shi da kusan shekara talatin. Waɗannan na sama ba Kanawa kaɗai suke ɗauka ba. Daga Jigawa da Katsina ana zuwa, har daga Damagaram da Maraɗi.

Bai kamata wannan tsari ya zame wa Bahaushe baƙo ba, domin da irinsa ya tashi. In akuyar maƙwabci ta yi maka ɓarna a gona, wurin mai unguwa za ka. In magana ta fi ƙarfinsa ya haɗa ku da ɗan aike zuwa ga dagaci, dagaci ya miƙa ga hakimi, abin da ya gagari hakimi shi ke isa fada. Ba a taɓa jin wanda ya ce mai unguwa ya kore shi don ya tura shi gaba ba. Hasali ma wanda ya zo tare da ɗan aiken hakimi ya fi saurin samun iso, tunda an riga an san abin da ke tafe da shi. To a ce duk mai ƙarar akuya da mai rikicin magudanar ruwa fada suke dosa tun da asuba. Mai maganar kisan kai zai tarar zaure ya cika, sarki kuma ya wuni yana shari'ar awaki. Abin da muke yi wa Murtala ke nan kullum. Likitan da ya shafe sama da shekara goma yana koyon aikin zuciya ko na ƙoda sai ya wuni yana duba mura da ƙaiƙayi, wanda ƙodarsa ta tsaya kuma yana kan benci yana jiran layi.

Amma cunkoso ƙaramin abu ne in aka kwatanta da abin da ake asara a hanya. A ɗauki mai ciki wata takwas a wani ƙauye na ƙasar Rano. Kwana biyu tana kukan ciwon kai, fuska da ƙafafu sun kumbura, ido yana ganin dishi-dishi, sai cikin dare ta kama jijjiga. In aka biya da ita asibitin mazaɓa kuma aka dace akwai ungozoma a bakin aiki, ga abin da za a yi cikin 'yan mintuna. Za a kwantar da ita ta gefen hagu don kada amai ko yawu ya shaƙe ta. Za a auna hawan jininta, a yi mata allurar magnesium sulfet mai tsayar da jijjiga, a ba ta abin da zai sauko da jinin, a sa mata allurar ƙarin ruwa a hannu tun jijiya ba ta ɓuya ba. Sannan ungozoma ta ɗauki takarda ta rubuta abin da ta gani, da abin da ta bayar, da ƙarfe nawa ta bayar. Sai ta ce wa mijin: "Malam, na yi mata abin da zai riƙe ta a hanya, amma maganin wannan ciwo shi ne a raba ta da cikin, wataƙila sai an yi tiyata, mu kuma ba mu da ɗakin tiyata. Ku tafi babban asibitin Rano yanzu, ka riƙe takardar nan da kyau."

Mijin da ransa yake a ɓace "ku tafi" kawai zai ji, kuma abin da zai faɗa wa mutane ke nan gobe. Alhali matar da ta fito daga ɗakin nan ba ɗaya take da wadda aka wuce da ita kai tsaye zuwa birni tana jijjiga a bayan mota ba, tana cizon harshe, jini yana ta hawa har ya iya fasa jijiya a ƙwaƙwalwa. Ita kuma takardar da ake nannaɗewa a jefa a aljihu, ko a manta da ita a mota, tana da nauyin da mutane ba su sani ba. Allurar magnesium ta gaba sai bayan sa'a huɗu ake yin ta, in aka ninka ta kafin lokaci tana iya danne numfashi. Likitan da ya karɓi matar ba tare da takarda ba, ko dai ya yi ta lalube, ko ya ɓata lokaci yana tambayar dangin da ba su san sunan allurar ba. Haka abin yake ga yaron da zazzaɓin cizon sauro ya yi wa tsanani har ya daina sha: maganin atesunet na farko da za a ba shi a ƙaramin asibiti, ko da na matsi ne ta dubura, shi ke riƙe shi har a isa inda za a ba shi gado.

Zubar jini bayan haihuwa ya fi wannan gaggawa, domin yana iya kashe mace lafiyayya cikin sa'a biyu. Muna cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A ɗakin haihuwa ido bai san ƙima ba. Jinin da ya jiƙa zane ya gangara ƙasa, ko ƙwararriyar ungozoma takan raina yawansa, sai an ga mace ta fara lumshe ido sannan a farga. A 2023 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a asibitoci 80 a Nijeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata sama da 200,000, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangaren Nijeriya. Abin da aka gwada mai sauƙi ne: wata leda mai ma'auni da ake shimfiɗawa ƙarƙashin mai haihuwa, jini ya taru a cikinta ana ganin layin da ya kai. Da ya kai rabin lita sai a haɗa magunguna da tausar mahaifa da ƙarin ruwa a lokaci guda, maimakon a gwada wannan a jira, a gwada wancan a jira. Mummunar zubar jini da abin da take jawowa sun ragu da kusan kashi 60 cikin ɗari. Abin lura shi ne ba a manyan asibitocin koyarwa aka yi wannan aiki ba. A asibitocin hawa na tsakiya aka yi shi, irin waɗanda muke tsallakewa muna cewa ba su iya komai ba.

Akwai wani ƙorafin da yake tafiya tare da wannan, na cewa sai mai hanya ake dubawa da wuri. Ba za a ce ba a yin alfarma ba, ana yi, kuma abin kunya ne. Amma sau da yawa abin da mai kallo ya ɗauka alfarma ce tantancewa ce. A ɗakin gaggawa na yara ba a bin wanda ya riga zuwa. Malamar jinya tana bin layi da ido tana neman yaron da yake jijjiga, ko wanda ƙirjinsa ke lotsawa in ya ja numfashi, ko wanda tafin hannunsa ya yi fari fat, ko wanda aka taɓa bai motsa ba. Wannan ko yanzu ya shigo shi za a fara ɗauka. Yaron da yake tsala kuka da ƙarfi, duk da tausayin da yake ba uwarsa, yana da ƙarfin kukan. Laifin ma'aikata a nan shi ne rashin bayani. Kalma biyu ga uwar da ta zo tun asuba, "Hajiya, yi haƙuri, wannan numfashinsa ne yake tsayawa," da ta kashe rabin jita-jitar da ake yaɗawa.

Duk da haka ba zan ɗora wa talaka laifin duka ba, domin ba banza ya koyi tsallake asibitin unguwa ba. Wanda ya taɓa kai matarsa ƙarfe biyun dare ya tarar da kwaɗo a ƙofa, ko ya tarar da ma'aikaci ɗaya da fitilar waya, babu allurar da aka ambata a sama, babu motar da za ta kai su gaba, ba za ka sake shawo kansa da bayani ba. Kuma akwai tura majinyaci na gaskiya, akwai na kauce wa wahala, inda ake cewa a wuce gaba tun daga bakin ƙofa ba tare da an ko taɓa mara lafiya ba. Wannan na biyun doka ta hana shi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce ba ma'aikacin lafiya ko asibitin da zai ƙi ba mutum taimakon gaggawa bisa kowane dalili, kuma ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Wata dokar ta 2017 ta wajabta karɓar wanda aka harba da bindiga ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Saboda haka tambayar da ta dace dangi su yi ba "me ya sa za ku tura mu?" ba ce. Su tambaya: me kuka yi mata kafin mu tafi, ina takarda, kuma kun kira can sun san muna zuwa?

Wannan kiran waya shi ne inda tsarin namu ya fi rauni, kuma dalilin a bayyane yake. Hawa ukun nan iyayen gidansu daban-daban ne. Na ƙasa yana tsakanin ƙaramar hukuma da hukumar lafiya matakin farko ta jiha, na tsakiya yana hannun hukumar kula da asibitoci, na sama kuma Abuja yake kallo. Kowa da ma'aikatansa da kasafinsa, majinyaci ne kaɗai yake ratsa su duka, kuma shi ake bar wa ɗawainiyar haɗa su. Shi zai nemo mota, shi zai yi ta zagaye daga wannan ƙofa zuwa waccan ana ce masa babu gado, shi zai tara 'yan'uwa su ba da jini. A gari mai yawan asibitoci kamar Kano, bai fi ƙarfin hukuma ba a ce akwai lamba ɗaya da ungozomar ƙauye za ta kira a gaya mata inda gado yake a daren nan.

Maganar kuɗi ma ba sabuwa ba ce. Tun taron Alma-Ata na 1978 duniya ta amince cewa lafiya daga matakin farko take farawa, kuma Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya gina manufar lafiya ta ƙasa ta 1988 a kan haka lokacin yana minista. Dokar 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don asusun kula da lafiya a matakin farko, amma sai a kasafin 2018 aka fara sa masa kuɗi. Abin da na lura da shi shi ne shugabanninmu sun fi son abin da ake yanke ƙyalle a buɗe. Sabon gini mai fenti yana fitowa a hoto. Albashin ungozoma ta biyu da za ta karɓi aikin dare, da gidan da za ta kwana kusa da asibiti, da batirin sola, da man motar ɗaukar marasa lafiya, waɗannan ba sa fitowa a hoto, alhali su ne suke sa ginin ya zama asibiti.

Manyan asibitocin su ma suna da nasu laifin. Hanyar da ta kawo majinyaci sama ya kamata ta mayar da shi ƙasa. Dattijon da aka daidaita masa hawan jini ko ciwon suga a birni ba shi da dalilin biyan kuɗin mota daga Gwarzo duk wata don a auna shi a sake rubuta masa maganin da yake sha. Da za a sallame shi da takarda zuwa asibitin garinsu, a rubuta maganinsa da alamomin da in an gani a dawo da shi, da ya huta, layi ya ragu, ma'aikacin ƙauyen kuma ya ƙaru da ilimi. Ungozomar da ta tura mai jijjiga cikin dare ita ma tana da haƙƙin sanin yadda aka ƙare, ko abin da ta yi ya yi daidai ko akwai gyara. Da wuya wannan takardar komawa take isa gare ta.

A tsarin da ake da shi, kowace mazaɓa tana da kwamitin ci gaba na mutanen gari, wanda yake da ta cewa kan yadda asibitin mazaɓar yake gudana da yadda ake kashe kuɗin da ke shigo masa. Yawancinmu ba mu san ko su wane ne a namu ba. Su ne ya kamata a tsare a tambaya: wa yake kwana a asibitin nan, akwai allurar jijjiga da ta tsayar da jini a kabad yau, kuma in an ce a wuce gaba ƙarfe biyun dare, motar wa za a tasa?