Ko Kun Sani?

A jihar Kaliforniya ta Amurka, idan aure ya mutu, dukiyar da miji da mata suka tara a zamansu raba ta ake yi biyu daidai, amma ban da gado. Sashe na 770 na dokar iyali ta jihar ya ce gado da kyauta na mai su ne shi kaɗai. Sai dai wanda ya zuba kuɗin gadonsa cikin asusun bankin da suke tarayya, har suka cakuɗe da albashi, shi kotu za ta nema ya kawo takardun da ke nuna asalinsu. In ya kasa, kuɗin sun shiga rabo.