Jarin Kasada Ba Na Kowace Sana'a Ba Ne

Tun da kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack na Legas a watan Oktoban 2020 kan kuɗin da ya haura dala miliyan 200, matasanmu masu ilimin kwamfuta da yawa suka ɗauka cewa samun mai zuba jari shi ne nasarar kasuwanci. Sai ka ga yaro ko mutum goma bai sayar wa hajarsa ba, amma ya raba dare yana gyara bayanin da zai gabatar wa masu kuɗi. Alhali kuɗin nan da ake kira jarin kasada yana tafe da sharuɗɗan da yawancin sana'o'i ba za su iya ɗauka ba.

Mai jarin kasada yawanci da dukiyar wasu yake juyi. Ya tattaro ta daga asusun fansho da jami'o'i da attajirai, da alkawarin mayar musu da ita ninki-ninki cikin kimanin shekara goma. Yana rarraba ta a kamfanoni da dama, yana sane cewa galibinsu za su durƙushe, don haka dole ɗaya ko biyu su cike asarar sauran. Tun asali haka sana'ar take: a 1957 kamfanin Georges Doriot na birnin Boston ya zuba dala 70,000 a Digital Equipment Corporation, daga baya wannan kaso ya kai ɗaruruwan miliyoyin daloli. Irin wannan sa'ar kowane mai jarin kasada yake farauta. Shi ya sa kamfanin da ke kawo riba madaidaiciya duk shekara, wanda ɗan kasuwar Kantin Kwari zai yi hamdala da shi, a wajensa bai biya ba. Zai matsa a faɗaɗa, a ɗauki ma'aikata, a kashe kuɗi wajen talla, ko kamfanin ya yi girman da za a sayar, ko ya mutu a hanya. Misali, kamfanin 54gene na Najeriya ya tara kimanin dala miliyan 45, amma ya rufe a 2023.

A Najeriya akwai ƙarin nauyi: jarin da dala yake zuwa, ciniki kuwa da naira ake yi. Kafin Babban Banki ya saki naira a watan Yunin 2023, dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta wuce 1,500. Kamfanin da ya ninka cinikinsa sau uku a tsakanin nan, a littafin mai jarinsa ko taki ɗaya bai yi ba.

Wani zai ce ai wannan ya fi bashin banki, tunda babu kuɗin ruwa, kuma ya yi kama da yadda ubangida ke ba yaronsa jari su raba riba. Kamar tana nan, sai dai ubangida daga ribar ciniki yake cin rabonsa, don haka ɗorewar shagon ita ce buƙatarsa. Mai jarin kasada kaso yake karɓa a mallakar kamfanin, sau da yawa har da kujera a hukumar gudanarwa, da sharaɗin cewa ranar da aka sayar da kamfanin, shi za a fara biya. Ribarsa tana ranar fitarsa daga kamfanin.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce akwai kasuwancin da ba ya tashi sai da babban jari. Gaskiya ne, harkar biyan kuɗi ta intanet tana ciki, domin idan an gina manhaja, ƙarin abokin ciniki ba ya cin kuɗi sosai. Amma a duba Moniepoint, mai na'urorin cire kuɗin da suka cika kasuwanninmu, wanda ya tara dala miliyan 110 a watan Oktoban 2024. Ya fara ne a 2015 da sunan TeamApt, yana rubuta wa bankuna manhaja ana biyansa, sai a 2019 ya karɓi babban jari na farko. Ya je teburin ciniki da kuɗin shiga a hannu, abin da ke ba mai kamfani bakin ƙin sharaɗin da bai yi masa ba.

Duk matashin da aka miƙa wa takardar zuba jari, ya kai ta wurin lauya kafin ya sa hannu, a lissafa masa kason da zai rage a hannunsa da kuma wanda za a fara biya ranar sayarwa.